Daga Zauren Sarkin Hausawa Zuwa Majalisar Kansiloli

  

Duk lokacin da aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi, akwai wata magana da ba ta wuce mu a majalisun bakin kasuwa da na ƙofar masallaci. Da zarar an ga fastar wani ɗan unguwa a jikin bango yana neman kansila, sai ka ji ana cewa, "Shi kuma wane me ya rasa? Ga rumfarsa, ga rufin asirinsa, me zai kai shi siyasar garin mutane?" Wannan kalma ta "garin mutane" ita ce ta sa na ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihi, domin kuwa da yawa daga cikin masu faɗinta a nan aka binne cibiyarsu, a nan kuma aka binne kakanninsu. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, ɗan'uwanmu da ya hau kujerar kansila a Kudu ya gaji rabin aikin da Sarkin Hausawa yake yi a zamanin da, amma bai gaji ikonsa ba. Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ke kai mutum wannan takara, zai kuma gane dalilin da ya sa masu sauka daga kujerar sukan sauko da furfura.

Zamanin da sarki ne komai

Hausawa sun daɗe suna shiga Kurmi fatauci tun kafin zuwan Bature. A Ikko ma, tun cikin 1863 Gwamna Glover ya tara dakarun da aka riƙa kira da sunan Hausawa, daga baya tsofaffin sojojin suka sami matsuguni a Obalande. To amma abin da ya cika garuruwan Kudu da mutanenmu shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911. Daga nan shanu suka riƙa gangarowa, goron Agege da Shagamu yana haurawa, mutane kuma suka fara kafa iyali a inda a da kwana uku kawai suke yi su wuce.

A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwarsu, wato Sabo. Irin wannan tsari shi ne ya bazu a sauran garuruwa, wani wuri a ce Sabo, wani wuri Zango, a ƙasar Ibo kuma a ce Ama Hausa ko Ogbe Hausa. A kowace unguwa akwai Sarkin Hausawa wanda sarkin gari da Bature suka san da zamansa. Shi ke tara haraji, shi ke nuna wa baƙo inda zai kafa ɗaki, shi ke raba gardamar aure da ta bashi, shi ke miƙa mai laifi ga hukuma, shi ne kuma ake tambaya in wani abu ya ɓaci. A ƙarƙashinsa akwai masu gida, waɗanda ke saukar da fatake, su ajiye masu kuɗi, su tsaya a matsayin lamuni idan an ba mahautan Yarabawa shanu bashi. Saboda haka Bahaushen wancan zamani ba ya buƙatar sanin hanyar ofishin hukuma. In yana da matsala ya je wurin mai gidansa, mai gida ya je zauren sarki, sarki ya sa rawani ya je fada. Ƙofa ɗaya ce, kuma kowa ya san ta.

Ranar da ƙuri'a ta shigo

Wannan ƙofa ta fara rufewa ne a farkon shekarun 1950. Jihar Gabas ta yi dokar ƙananan hukumomi a 1950, Jihar Yamma ta bi baya a 1952. Dokokin biyu sun ɗauke ragamar mulkin gari daga hannun En'e suka miƙa wa majalisun da jama'a ke zaɓa. A nan ne kalmar kansila ta shigo bakin mutane. A Badun, alal misali, a 1954 Adegoke Adelabu da magoya bayansa suka kama majalisar gari, ya zama shugabanta. Daga lokacin, wanda ke yanke hukunci kan kasuwa da kara da kwata ba mai rawani ba ne, mai ƙuri'a ne. Jam'iyyun Action Group da NCNC suka kutsa kai har cikin Sabo suna neman magoya baya, aka wayi gari ɗan unguwa yana iya kai ƙara wurin ɗan siyasa ba tare da ya bi ta zauren sarki ba.

Mutanenmu sun tarbi wannan sauyi ta hanya biyu, kuma har yau hanyoyin nan biyu ne muke bi. Ta farko ita ce a ja jiki a koma cikin gida. Wani masanin halayyar al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya nuna cewa a daidai lokacin da hukuma ta fara janye hannunta daga bayan sarkin unguwa, sai mutanen Sabo suka dunƙule a ƙarƙashin ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma tsayar da tasu Juma'a a cikin unguwa a 1952. Wato da ƙofar hukuma ta ƙi, sai suka ƙarfafa katangar gida, malamai da masu gida suka riƙe amana da cinikin jama'a.

Hanya ta biyu ita ce wadda Malam Umaru Altine ya bi a Inugu. Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kai shi Gabas, ya zauna, ya yi aure a can. Maimakon ya tsaya a kara, sai ya shiga NCNC ta Dokta Azikiwe, ya yi fice a cikin matasan jam'iyyar, aka zaɓe shi a majalisar gari. Da aka ɗaga darajar Inugu a 1956, shi ne ya zama magajin garinta na farko. Mai karatu ya lura da abu guda: ko da duk Hausawa da Fulanin Inugu na lokacin sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, ƙuri'arsu ba za ta kai shi wannan matsayi ba. 'Yan ƙasa ne suka ɗaga shi, ma'aikatan kwal da na jirgin ƙasa da 'yan kasuwa, saboda sun gan shi a cikin taronsu da gwagwarmayarsu tun kafin ya nemi komai.

Sai kuma 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Soja suka karɓi mulki a watan Janairu, aka rushe zaɓaɓɓun majalisu, aka naɗa kantomomi. Kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa a waccan shekara, da ramuwar da ta biyo baya a Gabas, suka sa mutanenmu na can suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka haura. Waɗanda suka koma bayan an gama yaƙi a 1970 sun koma ne da wata tarbiyya da suka ɗora 'ya'yansu a kai: baƙo ya kama kasuwarsa, ya kama bakinsa, siyasa ta masu gari ce. Ba wanda zai ga laifinsu, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma wannan tsoro ya daɗe fiye da dalilinsa.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

Ƙaramar hukuma irin wadda muka sani a yau an haife ta ne a 1976, a zamanin Janar Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa. An yi tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka raba ta ƙananan hukumomi 301, aka ba su kaso daga asusun tarayya, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba. Tun daga nan kujerar take tashi tana faɗuwa. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, kusan ko'ina gwamnoni sun gwammace kwamitocin riƙo da su shirya zaɓe. Babangida ya yi zaɓe ba jam'iyya a 1987, ya sake yi a 1990 tsakanin SDP da NRC, inda aka riƙa yin layi a bayan hoton ɗan takara. A 1991 ya raba majalisar kansiloli da ofishin ciyaman, ya zamana kansiloli su ne masu yin doka, ciyaman kuma mai zartarwa. Abacha ya yi nasa zaɓen a 1996 da 1997, a zamaninsa ne kuma adadin ƙananan hukumomi ya kai 774. Zaɓen 5 ga Disamba 1998 shi ne ya buɗe ƙofar wannan jamhuriya da muke ciki.

A cikin wannan tafiya akwai abu biyu da suka shafe mu kai tsaye, kuma suna jan juna kamar igiya. Na farko, tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama, sashe na 7 kuma ya ce duk wanda ya cancanci ya yi zaɓe ko a zaɓe shi a majalisar dokokin jiha, to ya cancanci haka a ƙaramar hukuma. Babu inda aka ce sai ɗan asalin gari. Na biyu, tun daga tsarin mulkin 1979 aka shigo da maganar rabon muƙamai bisa asalin jiha, ita kuma takardar shaidar zama ɗan asalin gari ƙaramar hukuma ce ke bayar da ita. Sai ya zamana yaron da aka haifi kakansa a Sabo yana iya tsayawa takarar kansila a mazaɓarsa, amma in zai nemi aikin soja ko tallafin karatu sai a ce ya tafi garinsu ya karɓo takarda, garin da watakila bai taɓa kwana a cikinsa ba, kuma ba wanda ya san shi a can. Jemage ke nan, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Mutanen Jos sun fi kowa sanin inda wannan takaddama ke kaiwa, domin rikicin 1994 da na Nuwamba 2008 duka a kan shugabancin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa suka tashi.

Me ke kai mutum takara?

Amsar farko tana cikin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Ina roƙon mai karatu ya bi jerin nan a hankali: kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabarta, gidajen gajiyayyu, lasin na keke da baro da kura, kula da shaguna da rumfunan bakin titi da wuraren sayar da abinci, magudanan ruwa, kwashe shara, harajin gidaje, sanya wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. In ka cire waɗannan daga rayuwar Bahaushen Kudu, me ya rage? Mai tumatir da albasa yana kasuwa, mahauci yana kwata, mai ruwa yana tura kura, mai dako yana tura baro, mai shayi da mai tsire suna bakin titi, makafi da guragunmu suna gefen gada, kuma dukkanmu maƙabarta muke jira. Shugaban ƙasa zai iya shekara takwas bai taɓa rumfarka ba. Ƙaramar hukuma kuwa kowace safiya yaranta suna gabanka da rasit.

Saboda haka mafi yawan waɗanda suka fito daga cikinmu, wani abu ne ya cije su. Wani an tashi kasuwa an sake rabon rumfuna, aka raba a ofis ba tare da ko mutum ɗaya mai jin Hausa a wurin ba, iyayensa suka wayi gari a waje. Wani maƙabarta ce ta cika, aka yi shekaru ana kai takardar neman fili tana ɓacewa a sakatariya. Wani unguwarsu ce duk damina take zama tafki, ga kwalbati an yi wa maƙwabta an tsaya daidai inda gidajen Hausawa suka fara. Irin wannan ne ke sa matashi ya gane cewa takardar koke daban, kujera a ɗakin da ake karanta koken daban.

Dalili na biyu shi ne tashin hankali. Shagamu a Yulin 1999, Ketu da Mile 12 a Nuwamban shekarar, Idi-Araba a Fabrairun 2002, Mile 12 kuma a 2016, Sabo ta Ile-Ife a 2017, kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya san cewa yawanci daga ƙaramin abu wuta ke tashi, kuma sa'o'in farko su ne komai. Idan akwai wani namu da ciyaman zai ɗauki wayarsa, wanda shugaban 'yan sandan yanki ya san fuskarsa, wanda ya san shugabannin matasan ɗaya ɓangaren da sunayensu, sau da yawa maganar kan mutu a caji ofis. Idan babu, sai jita-jita ta riga gaskiya isa Arewa, kamar yadda abin Shagamu ya haifar da ramuwa a Kano a cikin 'yan kwanaki.

Dalili na uku na 'ya'yan da aka haifa a nan ne. Sun yi boko tare da 'ya'yan masu gari, suna jin Yarabanci ko Ibo kamar a bakinsu aka yanka, suna kallon abokan karatunsu suna zama ciyaman da ɗan majalisa. Su ba sa ganin kansu a matsayin 'yan cin rani. Takarar kansila ita ce hanyarsu ta cewa nan ma gidanmu ne. A unguwannin da muke da yawa, irin su Sabo ta Badun da Agege, an sha samun 'ya'yanmu a wannan kujera, kuma galibi daga wannan rukuni suke fitowa.

Kada kuma mu yaudari kanmu, akwai dalili na huɗu. Akwai mai neman albashi da alawus, akwai mai ganin kujerar a matsayin tsani, akwai wanda wani ubangida ne ya ɗauko shi don ya riƙa kawo masa ƙuri'ar Hausawa a buhu. Waɗannan ma suna nan, kuma unguwa takan gane su tun kafin shekara ta zagayo.

Yinin kansila

A takarda, aikin zaɓaɓɓen kansila kaɗan ne. Ya halarci zaman majalisa, a yi ƙananan dokoki, a amince da kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, a sa ido kan yadda ake kashewa. Ba shi ke ba da kwangila ba, ba shi ke ɗaukar aiki ba. Ko sassan ayyuka da lafiya da ilimi ma, kansilolin gafaka ne ke riƙe da su, waɗanda ciyaman ke naɗawa. To amma wa zai tsaya yi wa tsohuwar da aka kama ɗanta wannan bayani?

Yininsa yana farawa ne daga sallamar asuba. Kafin ya shafa addu'a an riga an jeru a ƙofar gida. Wannan da takardar magani, wannan an koro yara kan kuɗin jarrabawa, wannan matarsa na naƙuda asibiti sun ce sai an ajiye kuɗi, wannan kuma jiya da dare aka yi samame aka kwashe masu babura har da ƙanensa. Dokar hana acaɓa a Ikko, tun daga ta 2012 har zuwa ta 2022, ta gwamnatin jiha ce, kansila ba shi da ko wasali a cikinta, amma ƙofarsa za a buga. Daga nan sai caji ofis neman beli, inda zai sa hannu ya tsaya wa mutumin da bai fi wata uku da saukowa daga mota ba. In ya gudu, shi za a nema. Kafin azahar an kira shi cewa wani bawan Allah ya rasu a asibiti ba dangi, ana so a karɓo gawa a yi mata sutura kafin rana ta faɗi, ma'aikata kuma sun ce sai takarda. Taransifoma ta lalace, ta kamfanin wuta ce, amma shi za a zaga. Wannan duk aikin da zauren sarki da masu gida suka saba yi ne, sai dai su a zamaninsu suna da haraji da la'ada da ikon kora, shi kuwa ba shi da komai sai waya da kati mai hoto.

A sakatariya kuma wata duniya ce. Da Turanci da harshen gari ake magana, wani lokaci a yi ta zaurance a gabansa a ɗauka ba ya ji. Shi ɗaya ne a cikin goma ko fiye, saboda haka ba abin da zai wuce da ƙarfinsa. In yana son a sa kwalbatin unguwarsu a kasafi, sai ya goyi bayan rijiyar burtsatsen wani, ya halarci bikin wani, ya yi haƙuri da barkwancin "aboki" da "mala" wanda wani lokaci wasa ne, wani lokaci kuma da ƙaya a ciki. Sannan mazaɓarsa ba ta Hausawa zalla ba ce. Akwai Yarabawa ko Ibo, akwai Kirista, akwai masu gidajen haya da ƙungiyarsu, kuma duk sun sa masa ƙuri'a ko suna iya hana shi. Dole ya je jana'izarsu, ya sayi ankon bikinsu, ya tsaya masu kamar yadda yake tsaya wa nasa. Ranar da ya yi haka, a unguwa a ce ya zama Bayarabe. Ranar da ya tsaya kan maganar kasuwa, a ofis a ce ɗan ƙabilanci ne. Gaba kura baya sayaki.

Akwai kuma zama da Sarkin Hausawa, wanda sai an yi da hankali. Sarki yana nan kafin a haifi kansila, zai kuma kasance bayan wa'adinsa ya ƙare. Shi gwamna ke gayyata in ana neman zaman lafiya, shi 'yan takara ke kai wa gaisuwa. Inda aka dace, sarki ya riƙe jama'a, kansila ya riƙe takarda, kowa ya san iyakarsa. Inda ba a dace ba, sai a sami zaure biyu a unguwa ɗaya, masu gari kuma su zuba ido suna kallo.

Kujera mai ƙafa uku

Abin da ya fi karya gwiwar masu wannan aiki shi ne jama'a na ganin kuɗi a inda babu. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta wannan asusu ne gwamnoni suka daɗe suna riƙe wuyan ƙananan hukumomi. In ciyaman kansa yana jiran abin da za a sammasa, ina ga kansila? Alawus ya makara, buƙatun ƙofar gida ba sa makara. Shi ya sa za ka ga mutum ya shiga da rumfa biyu ya fito da bashi, kasuwar ma ta watse saboda ba ya zama.

Wa'adin ma ba tabbas. Da wa'adin waɗanda aka rantsar a 1999 ya ƙare a 2002, sai aka koma kwamitocin riƙo, jihohi da dama ba su yi zaɓe ba sai 2004. A Ikko, ƙarin hukumomi 37 da aka ƙirƙiro a 2003 a kan 20 na asali sun jawo gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar har aka je Kotun Ƙoli. A jihar Oyo an sallami zaɓaɓɓun ciyamomi da kansiloli a 2019, sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ce sallamar ta saɓa doka, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ba shi da gurbi a tsarin mulki. Hukunci ne mai nauyi, ko da yake aiwatar da shi ya zo da jan ƙafa. Idan har ya zauna da gindinsa, kujerar da muke rainawa za ta yi tsada, kuma masu gari ba za su bar ta a banza ba.

Inda gizo ke saƙa

Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma kowa ya san jam'iyyar gwamna ce kan lashe kusan komai. Ma'ana, ba ranar zaɓe ake zama kansila ba, a taron jam'iyya na mazaɓa ake zama, inda ake zaɓen shugabanni, ake fid da ɗan takara ko a yi sasanci. Taron nan kuwa lokacin da ake yin sa muna kasuwa. Ba mu da katin jam'iyya, ba mu cikin shugabannin mazaɓa, sai an gama rabo mu zo da fasta muna cewa an yi mana wariya.

Na biyu shi ne katin zaɓe. Mutum ya shekara talatin a Agege, amma akwatinsa yana ƙauyensu. Zaɓe na matsowa sai a cika motoci a haura gida, wasu don kaɗa ƙuri'a, wasu don tsoron abin da ka iya biyo baya. Ɗan siyasa kuwa ba ya ƙirga kawunan da ke kasuwa, sakamakon akwati yake dubawa. In unguwa mai dubban mutane ta kawo ƙuri'a 'yan kaɗan, da wane baki kansilanta zai nemi kwalbati? Alhali hukumar zaɓe ta ƙasa ta ba da damar mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune.

Na uku shi ne rarrabuwa. A idon masu gari duk Hausawa ne mu, amma a cikin gida akwai Bakano da Bakatsine da Basakkwace, akwai Babarbare da Bazabarme da Bafulatani, akwai ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, akwai haifaffen nan da sabon zuwa. Kujera ɗaya sai mutum huɗu su fito, kowa da zaurensa, a ƙarshe ta suɓuce wa kowa.

Mutanen Sabo na 1952 sun koya mana riƙe gida, Umaru Altine ya koya mana shiga cikin gari, kuma ba a taɓa cewa sai an zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Shawarata ga dattawa ita ce su daina kallon mai neman kansila a matsayin ɗan neman fitina, su zauna su tace mutum ɗaya mai amana, mai jin harshen gari, mai sana'ar da zai koma in an sauka. Ga matasa kuma, a mayar da kati inda ake kwana, a shiga taron mazaɓa tun ba a fara maganar takara ba. Wanda kuma Allah Ya ba kujerar, mu rage masa nauyin da ba nasa ba, mu tambaye shi abin da yake nasa: me aka sa wa unguwarmu a kasafin bana, kuma ina aka kwana a maganar maƙabarta?

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci zuri'armu a inda Ya ajiye mu, Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙasar nan.